Hoton da Auta Ta Ɓoye

Hoton fasfo ne ya kai Auta shagon. Asibitin ido sun ce a kawo na mahaifinta guda biyu, shi kuwa ya ce ba wanda zai haska masa fitila a fuska. Sai ta ɗauko wani tsohon hotonsa daga akwati, ta zo a sake wanke shi.

Shagon ƙarami ne. Kujera ɗaya, labule shuɗi, da inji mai ƙugi. Saurayin da ke ciki ya karɓi hoton, ya juya ya kama aiki. Ita kuma ta tsaya kallon bango.

Babu fuska ko ɗaya a bangon. Hannaye ne kawai. Hannun kafinta a kan zarto, hannun mai burodi cikin fulawa, hannun wata tsohuwa tana zura zare a allura.

"Wannan na mai gyaran takalmi ne," ta ce. "Ranar Talata aka sa shi. Babban yatsansa ya tsage, ya naɗe shi da zaren ɗinkinsa."

Saurayin ya waiwayo.

"A ina kika gan shi?"

"A shafin Hannaye na intanet. Kai ma kana dubawa?"

"Ai ni ne shafin."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta yi dariya.

"Kai? Wallahi na zaci tsoho ne."

"Mutum goma sha huɗu ke duba shi, uku ƙannena ne. Ashe har da ke."

"Mu biyu ne. Ni da Baba."

Nan ta ba shi labari. Mahaifinta mai gyaran agogo ne, shekara arba'in yana sana'ar, kowa Mai Agogo yake kiransa. Shekara shida ke nan da idonsa ya rufe. Mahaifiyarta ta rasu kafin nan, yayyenta sun yi aure sun yi nisa. Ita ce ta rage, sai Goggo, ƙanwar Baba.

Kullum ƙarfe takwas na safe, bayan shayi, takan zauna gefensa da waya. Shafi huɗu suke buɗewa, ba a sauya jerin. Na farko labarai, ta karanta masa, shi kuma ya yi ta zagin masu mulkin duniya. Na biyu shafin zane-zane, ta faɗa masa launi da abin da aka zana. Na uku shafin tsofaffin kaɗe-kaɗe, su ji waƙa ɗaya, ba biyu ba. Na ƙarshe Hannaye.

"Shi ya fi so," ta ce. "Sai na faɗa masa komai, har dattin farce. Daga nan ya yanke hukunci ko mutumin ya iya aikinsa."

"Mai takalmin fa?"

"Ya ce ya iya, amma mai gaggawa ne."

Saurayin ya zauna a kujerar masu ɗaukar hoto.

"Ana tambayar mutane kafin a ɗauke su?" ya ji ta ce, sai ta gyara. "Ina nufin kai. Kana tambayarsu?"

"A'a. Ai babu fuska. Wa zai gane hannu?"

"Ashe ɓarawo ne kai."

Sunan ya bi shi tun daga ranar.

Da yamma saƙonsa ya shigo, don ta bar lambarta a takardar karɓar hoto.

"Mai Karatu, ɓarawon ɗazu ne. Gobe hannun mai walda zan sa. Ki faɗa wa Baba ina jiran hukunci."

Washegari ta amsa.

"Baba ya ce mai waldar nan ba zai daɗe da yatsu goma ba. Ya ce kai kuma ka iya tsayawa inda haske yake. Kada kanka ya yi girma, bai taɓa yabon kowa sau biyu ba."

"Ke fa, me kika ce?"

"Ni aikina karatu ne."

"To karanta wannan. Tun jiya ban wanke hoto ɗaya daidai ba. Wata mata ta fito koriya, ta kusa cire min kunne."

"Allah ya ƙara."

Haka aka fara. Ya turo mata shafukan da yake so, ta turo masa nata. Ya ce shafin labaranta na masu hawan jini ne. Ta ce kiɗan da yake ji kamar ana jan ƙarfe a kan siminti. Suka yi faɗa a kan wani zane na mace zaune bakin taga. Shi ya ce jira take yi, ita ta ce ta gama jiran. Kwana biyu suna wannan musun, kuma kowannensu ya san ba zanen suke nufi ba.

Bayan wata uku ya zo gaida Baba.

Ya tarar da tsohon a bakin ƙofa, kan benci, da baƙin tabarau. Agogo a buɗe a tafinsa, yana taɓa cikinsa da ɗan hantsaki kamar mai aiki. Haka yake zama kullum. In an tambaye shi ya ce ido ne ke ɗan damunsa, ana magani. Duk layin sun san gaskiya, amma ba wanda ya taɓa furta kalmar a gabansa.

A wuyan hannunsa na hagu agogo biyu ne. Babba nasa, da ƙarami na mata mai siririyar sarƙa, na marigayiya. Kullum da safe shi yake murɗa su da kansa.

Mai hoto ya durƙusa ya gaishe shi. Tsohon ya miƙa hannu, ya riƙe nasa, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Ba ka taɓa ɗaukar abu mai nauyi ba."

"Ban taɓa ba, Baba."

"Ka faɗi gaskiya dai. Zauna."

Goggo ta leƙo daga ciki, ta ja Auta gefe.

"Wannan ne? Ramamme kamar ba a ba shi abinci a gidansu. Ga mai kemis can da shago ƙofa biyu, kullum yana aiko gaisuwa."

"Goggo, ke ki aure shi mana."

"Da ƙafata ba ta ciwo, da kin ga aiki."

Mai kemis shi ke kawo wa Baba maganin ɗigawa a ido. Ba mugu ba ne. Yana son Auta tsakani da Allah. Sai dai in zai yi wa tsohon magana yakan ɗaga murya, kamar kunnen ne ya mutu.

Bayan tafiyar mai hoto, Baba ya ce, "Yaron nan ya iya yin shiru." A bakinsa wannan babban yabo ne. Auta ta shiga ɗaki ta rufe fuska da matashi.

Da yamma ta rubuta masa: "Ɓarawona, ka ci jarrabawa."

Ya amsa: "Tawa, ki ce wa Baba kawuna zai zo ƙarshen wata."

Saura kwana goma ƙarshen watan, abin ya faru.

Wata Talata da safe mai hoto yana kan hanyar shago, sai ya hango su a bakin babban titi za su asibiti. Ba su gan shi ba. Ya ga hannayensu a haɗe, rana ta sauka a kan agogon nan biyu. Kafin ya yi tunani yatsansa ya riga ya danna kyamara.

Bai tambaye ta ba, ya sa hoton a shafinsa. Ya ce a ransa kyauta ce zai ba ta. Ya ce babu fuska, wa zai gane. Ya manta duk wanda ya taɓa kawo gyara ya san mutum ɗaya ne a garin ke ɗaura agogo biyu a hannu ɗaya.

Laraba ƙarfe takwas, Auta ta karanta labarai, ta faɗi zane, suka ji waƙa. Ta buɗe Hannaye.

"Yau hannun wa muka samu?" in ji Baba.

Ta dubi fuskarsa. Ya karkato kunne, yana ɗan murmushi, kofin shayi a gwiwarsa.

"Na mai wanki ne," ta ce.

"Faɗa min."

Ta faɗa. Ta ƙirƙiri kumfa, ta ƙirƙiri bahon roba ja, da yatsu da suka yi fari don ruwa, da farar riga ana matsewa. Muryarta ba ta yi rawa ba.

"Da wane hannu take matsewa?"

"Da dama."

"Ta iya," ya ce. "Allah ya ba ta lada."

Tana fita tsakar gida ta rubuta: "Cire shi yanzu. Yanzu."

"Me ya faru? Ban nuna fuskarsa ba."

"Cire shi, don girman Allah."

Ya cire. Amma an riga an makara. Wani babban shafin labarai ya ɗauki hoton, ya sa shi cikin hotunan mako, aka rubuta a ƙasa: Makaho da 'yar jagorarsa.

Ranar Asabar mai kemis ya shigo da magani a hannu ɗaya, waya a ɗayan.

"Baba! Ka zama sananne! Mutum dubu tara sun yaba hotonka! Har ana cewa a yi maka addu'a!"

"Wane hoto?"

"Na shafin yaron nan mai situdiyo! Ga agogonka biyu nan, ana jan ka a titi!" Ya karanta masa rubutun ƙasan, kalma bayan kalma, da ƙarfi.

Goggo ta saki tsintsiya. Auta na tsaye bakin kicin.

Tsohon ya rufe agogon da ke tafinsa, ya sa a aljihu.

"Yaushe aka sa shi?"

"Ranar Laraba, Baba!"

"Na gode. Sauka lafiya."

Sai da ya ji an rufe ƙofa sannan ya yi magana.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Ranar Laraba hannun wa kika ce min?"

Bai jira amsa ba.

"Bahon ja ne, ko? Da dama take matsewa."

"Baba, na ji tsoron kada ranka ya ɓaci."

"Har addu'a na yi wa matar da babu ita." Bai ɗaga murya ba. "Idona biyu sun mutu, na haƙura. Ban san na ukun zai yi min ƙarya ba."

Ta durƙusa ta kama ƙafarsa. Ya janye.

"Yaron nan kada ya sake taka ƙofata. A ce wa kawunsa ya sha zamansa."

Wayarsa ta yi ta ƙara kwana uku. Tsofaffin abokan sana'a, mutanen da ya yi wa gyara shekaru da suka wuce, kowa da muryar ta'aziyya. A rana ta huɗu ya sa Goggo ta shigar da bencin cikin gida. Bai sake zama a bakin ƙofa ba.

Washegarin zuwan mai kemis, ƙarfe takwas, Auta ta zo da waya ta zauna gefensa.

"Ajiye," ya ce.

"Labarai ne kawai, Baba."

"Jirgin da kika ce ya nutse bara, ya nutse? Matar bakin taga, akwai ta? Takardar likita da kike karanta min, abin da ke ciki kike faɗa?"

"Wallahi Baba, duk gaskiya ne."

"Ta yaya zan sani?"

Ta tashi.

Mai hoto ya turo saƙo goma sha ɗaya a ranar. Na ƙarshen ya ce: "Na yi laifi. Ban nemi izini ba, kin faɗa min tun ranar farko. Na rubuta wa shafin can sun cire. Ki bar ni in zo in durƙusa masa."

Ta amsa sau ɗaya.

"Ka ɗauki abin da ba naka ba. Ni kuma na yi wa makaho ƙarya, ka ga har ni na faɗi kalmar. Shekara shida yana gani da bakina, ni da kai muka rufe masa. Kada ka sake rubuto min. Ina sonka, kuma ba ya da amfani."

Ya zo duk da haka. Sau uku. Ya tsaya a ƙofa yana sallama, Goggo ta fito ta ce Yaya ya ce ba ya nan. Karo na uku ta ƙara da nata: "Ɗana, je ka ci abinci. Ka zama kamar maratayin riga."

Ya rufe shafin Hannaye. Ya sauke hotunan bangon shago, ya sa su a kwali. Ya koma fasfo da hoton 'yan makaranta.

Mai kemis ya karɓi karatun safe. Ya yi ƙoƙari. Yakan karanta kanun labari ya tsallake cikin, ya tsaya a ƙwallo, abin da Baba bai taɓa so ba. Da aka zo shafin zane ya ce, "Wannan dai kala-kala ne, Baba!"

"Me aka zana?"

"Kamar doki! Ko tebur!"

Sati biyu aka yi. Sai tsohon ya ce masa ya gode, shago na jiransa. Da mai kemis ya kawo maganar aure, Baba ya ce a tambayi yarinyar. Auta ta ce a'a, cikin ladabi, aka bar zancen.

Gidan ya yi tsit. Ƙarfe takwas sai ƙarar cokali a kofi. Auta na kai shi asibiti, tana ɗiga masa magani, tana goge masa kaya. Magana ba ta wuce "ga shi" da "to". Ta rame. Wani lokaci takan buɗe waya ta danna Hannaye, ta ga rubutun cewa babu shafin, ta kashe.

Wata huɗu haka.

Wata rana da hantsi Goggo na tsince shinkafa a gefensa, ya ce, "Ke kin ga hoton nan?"

"Na gani, Yaya."

"Me ke ciki?"

"Hannu."

"Sai me?"

"Sai wani hannun. Ni ina na san karatun hoto? Ka kori masu iyawa, ka zo kana tambayar tsohuwa." Ta ajiye tiren. "Mutum dubu tara sun ga hannunka, kai kaɗai ne ba ka san me ke ciki ba. Yarinya kuma tana ƙarewa a gabanka. Da kana gani da ka ji kunya."

Ba wanda ya taɓa yi masa magana haka. Ya daɗe yana shafa sarƙar ƙaramin agogon.

"Lokacin ina shago," ya ce, "in na yi shakkar agogo, nakan ajiye shi kusa da wani in ga ko za su tafi tare. Aika a kira yaron gobe da safe. Ki karɓe wayar Auta tun yanzu. Kada ta san zai zo."

Mai hoto ya zo ƙarfe takwas saura kaɗan. Goggo ta riga ta aiki Auta kasuwa. Ya durƙusa a tsakar gida, ya fara ba da haƙuri.

"Ban kira ka don wannan ba. Kana da hoton?"

"Guda ɗaya na bari, a takarda."

"Faɗa min abin da ke ciki. In ka yi min kwalliya zan gane."

Saurayin ya fito da hoton daga ambulan.

"Hannu biyu ne, Baba. Naka na hagu, nata na dama. Naka ne a sama. Ka matse nata sosai, har kan yatsunta sun canza launi."

"Don me?"

"Tsoro kake ji."

Goggo ta ce, "Innalillahi."

"Ci gaba," in ji tsohon.

"A gefen hoton akwai tayar mota tana wucewa, kusa da ƙafar wandonka. Kai ne a ɓangaren motoci. Ita tana ɓangaren shaguna. Abin da ya sa na ɗauka ke nan. Na ga mutum ba ya gani, amma bai yarda 'yarsa ta bi ta bakin titi ba."

Tsohon bai motsa ba.

"Saura me?"

Mai hoto ya san abin da ya rage, ya kuma san gaban wa yake.

"Agogon biyu sun fito sosai. Babban ya ce tara da minti goma. Ƙaramin ya ce tara da minti shida."

"Ƙarya kake!" Karo na farko ke nan da muryarsa ta tashi. "Ni na gyara agogon nan da hannuna. Bai taɓa rage daƙiƙa ba."

"Abin da ke hoton ke nan, Baba."

"Shiga ɗakin can. Kada in ji tarinka."

Auta ta dawo da leda a hannu. Goggo ta miƙa mata hoton ba ta ce komai ba. Ledar ta faɗi, tumatir ya gangara.

"Zauna," in ji Baba. "Ina bin ki bashin hoton Laraba. Faɗa min."

Ta zauna inda ta saba zama.

"Hannunka ne da nawa. Kai ka riƙe ni, ba ni na riƙe ka ba. Irin riƙon da kake min in za ka kai ni makaranta, sai dai yanzu ya fi ƙarfi. Yana min ciwo, ban taɓa faɗa ba."

"Don me nake matsewa?"

"Kana tsoron titi, Baba. Tun ranar da babur ya goge ka."

"Sai me?"

"Kai ne a gefen motoci. Kullum sai na mayar da kai ciki, kullum sai ka zagayo."

"Shi ke nan?"

Ta dubi agogon biyu a hoton. Ta dubi na hannunsa. Hawaye ya sauko mata har haɓa.

"Agogon Umma yana baya da minti huɗu."

Ta ci gaba.

"Shekara biyu ke nan yana rage minti huɗu kullum. In ka cire shi za ka yi wanka, sai in daidaita shi in mayar inda ka ajiye. Ranar nan muna sauri, ban samu yi ba. Wannan ce ɗaya ƙaryar, Baba. Babu ta uku. Ka tambaye ni duk abin da kake so."

"Wata huɗun nan fa?"

"Ban fasa ba. Ko yau na yi."

Tsohon ya cire tabarau. In ba Auta mai ɗiga masa magani ba, rabon da a ga idonsa tun asibiti. Ya goge fuska da tafin hannu, sau ɗaya, ya mayar.

"Kai ɓarawo. Fito."

Auta ta miƙe tsaye da ta gan shi. Shi ma ya tsaya. Kowa ya ga yadda ɗaya ya koma.

"Ku bar kallon juna, ina jin ku. Ɗauko min akwatin aiki a ƙarƙashin gado."

Aka ɗauko. Ya kwance ƙaramin agogon, ya buɗe bayansa da farce ba tare da lalube ba. Ya miƙa wa mai hoto gilashin ido ɗaya na masu gyara.

"Sa wannan. Akwai wata ƙaramar ƙafa da ke kaɗawa. A samanta akwai ɗan tsinke. Ka gan shi?"

"Na gani."

"Ina ya karkata?"

"Hagu, Baba. Kaɗan."

Tsohon ya ɗora hannunsa a kan na saurayin, ya riƙe yatsun da ke riƙe da hantsakin.

"Kai ka duba, ni zan tura. In na wuce ka ce na wuce. Kada ka ji nauyina."

Suka tura.

"Ka wuce, Baba."

"Na sani. Gwada ka nake."

Goggo ta fashe da dariya tana share ido da gefen mayafi.

Ya rufe agogon, ya kai kunne, ya daɗe yana saurare. Sannan ya miƙa wa Auta.

"Riƙe. Kada ki taɓa shi. Gobe ƙarfe takwas ku faɗa min abin da ya ce, ku biyu. In ya yi daidai, kawunsa ya zo."

"In bai yi ba fa, Yaya?" in ji Goggo.

"Sai mu sake buɗewa. Ai yaron yana da ido."

Da yamma Goggo ta mayar wa Auta wayarta. Saƙo na jira.

"Mai Karatu, an yarda in rubuto?"

"An yarda. Ka ci abinci?"

"Wata huɗu ban ji ɗanɗanonsa ba."

"Ni ma. Ɓarawona, in agogon nan ya rage ko minti ɗaya ne, zan faɗa masa."

"Na sani, Tawa. Ni ma zan faɗa."

Washegari agogon ya rage rabin minti. Suka faɗa. Tsohon ya ce na shekara talatin ne, an yafe masa.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Ba a yi taro mai yawa ba. Mai kemis ya zo, ya yi wa ango murna da ƙarfi, kowa ya ji. An fito da bencin bakin ƙofa, Baba ya zauna a kai yana karɓar gaisuwa. Wani tsohon abokin sana'a ya ce, "Yaya idon?" Ya ce, "Ya tafi. Zauna."

Da za a tafi da amarya, ta durƙusa gabansa, angon a gefenta. Ya kwance ƙaramin agogon ya ɗaura mata da kansa.

"Ƙarfe takwas," ya ce. "Shafi huɗu. In ba za ku iya zuwa ba, ku kira. Ɗaya ya faɗa, ɗaya ya gyara masa. Kai kuma ka buɗe shafin nan naka, na gaji da doki da tebur. Amma ka riƙa tambaya."

"Zan tambaya, Baba. Ka yarda in mayar da wancan?"

"Mayar. Ka rubuta a ƙasa: Mai Agogo da 'yarsa."

Ya lalubo hannayensu, ya haɗa, ya ɗora nasa a sama. Bai matse ba.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku 'ya'ya masu faɗa muku gaskiya ko da za ta yi ciwo. Ku tashi, ana jiranku."

Suka tashi. Da suka kai bakin titi, angon ya zagaya ya koma ɓangaren motoci. Goggo ta gani, ta sunkuya ta faɗa wa yayanta a kunne.

"Ya iya," in ji tsohon.